Ranar da Na'ura Ta Ce Ba Ta San Ni Ba

Inna ba ta taɓa gane aikina ba, amma hakan bai hana ta yi wa mutane bayaninsa ba. Idan matan zumunta suka biyo gaishe ta bayan an tashi daga coci, sai ka ji tana cewa ai ɗanta shi ne mai yanka wa injuna katin shaida. Su kuma su ce Allah ya ƙara basira. Na yi ta ƙoƙarin gyara mata zancen har na gaji na bari, don da na zauna na yi tunani sai na ga ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Kamfanin da nake yi wa aiki a lokacin yana sayen hatsi a hannun manoma, yana kuma sayar musu da taki da iri. Hedikwatarsa tana cikin birnin Kano, amma yana da defo, wato rumbun saye da sayarwa, a Bagwai, da Rimin Gado, da Zakirai, da wasu ƙananan garuruwa a tsakani. Kowane defo akwai kwamfuta da sikeli da rauta, ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke haɗa su da babbar na'urar hedikwata. Ita kuwa babbar na'urar ba ta sauraron kowa sai wanda ya nuna mata satifiket. Ba takarda ba ce da za ka riƙe a hannu. Ɗan fayil ne da ke zaune a cikin na'ura, ɗauke da sa hannun kamfani, yana cewa wannan tamu ce, a yarda da ita. Kuma yana da wa'adi. Ranar da wa'adin ya cika, ko da na'urar ta tsufa tana yi wa kamfani bauta, sai a rufe mata ƙofa, ciniki ya tsaya cik.

Aikina shi ne kada wa'adin kowace na'ura ya cika ban iso ba. Ina da babur, da laftof a jakar goyo, da filash mai ɗauke da fayilolin da nake ratayawa a wuya. In je defo, in cire tsohon satifiket, in sa sabo, in gwada, in duba ko ɓera ya ci waya, in wuce. Da yake na'urorin suna da yawa kuma wa'adinsu ba ɗaya ba ne, kullum akwai inda zan je. Wannan yawon shi ya ba ni abin da babu wani abokin karatuna da ya samu: ina aikin kwamfuta, ina kuma kwana a gidanmu, a ƙauyenmu da ke bayan Bagwai.

Kwana a gida ba don jin daɗi nake yi ba. Baba ya rasu da jimawa, yayata tana aure a Kaduna da 'ya'yanta, ni kaɗai na rage wa Inna. Ciwon suga ya cinye mata ido a hankali har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa. Amma wanda bai sani ba, idan ya shigo gidanmu ba zai gane ba. Ta san inda randa take, ta san dokin ƙofar da ya fi sauran tudu, ta san inda bishiyar zogale ta karkato reshe. Takan hura wuta, ta ba kaji tsaba, ta zauna ta bakace kalwa, duk ba tare da ta kira kowa ba. Abin da take buƙata a wurina kaɗan ne: in ware mata magani da safe, in ɗebo ruwa, in kasance a gida idan jikin ya motsa. Yayata ta sha roƙonta ta koma wurinsu. Amsarta ɗaya ce kullum.

“A gidan nan ni ba makauniya ba ce. Ku bar ni.”

Mutanen ƙauyenmu kuwa da suka gane ina zagaya garuruwa, sai suka mayar da ni motar haya. Wannan ya ce in kai wa surukinsa irin gero, waccan ta ce in miƙa wa 'yarta zani. Na yi faɗa, na yi bori, na ce ni injiniya ne ba ɗan aike ba, ba wanda ya ko kalle ni. Shugabar masu aiken nawa ita ce Inna. Tana da ƙanwa da ke aure a Zakirai, Inna Ƙarama muke ce mata, kuma ban taɓa kama hanyar garin ba tare da ƙullin daddawa a jakata ba. Shi ya sa laftof ɗina yake da wani ƙamshi da abokan aikina na birni suka kasa gane tushensa.

Manajan defon Zakirai dattijo ne Babarbare, kakanninsa suka zo garin tun tuni. Malam nake ce masa, shi kuma likitan injuna yake ce mini. Na'urorin defon suna cikin wani ɗan ɗaki a baya, can muke zama ni da shi, ya sa a damo fura, ina aiki yana ba ni labarin farashin masara da rashin kunyar direbobin tirela. Idan lokacin salla ya yi sai ya bar ni da makullan gaba ɗaya ya tafi masallaci. Bai taɓa juyowa ya duba ba.

Abin ya fara ne a wata damina da ruwa ya cinye kwalbatin hanyar Rimin Gado. Wa'adin rautar defon ya cika ina tsaye a wancan gefen ruwa ina kallon ikon Allah. Lokacin zuba taki na biyu ne, manoma sun cika ƙofar defo, aka ce musu na'ura ta ƙi. Wasu sun zo da amalanke daga nesa, haka suka juya. Da na samu na zagaya na isa washegari, gyaran bai ɗauke ni lokacin shan shayi ba.

Shugaban sashenmu, wanda muke ce wa Oga, ya kira taro a hedikwata. Bai zage ni ba, ya san ba ni na yi ruwa ba. Cewa ya yi ba zai yiwu kamfani guda ya rataya a kan tayar babur ɗin mutum ɗaya ba. Za a sayo manhajar da za ta tattara duk satifiket ɗin kamfani wuri guda. Daga allo ɗaya za a ga na kowace na'ura, da ranar cikar wa'adinsa, ita da kanta za ta sabunta kafin lokaci, kuma idan an saci wata na'ura, danna ɗaya ya isa a soke nata. Gaskiya ya faɗa, kuma ni ne na fi kowa tafa masa. Na gaji da dukan ruwa, na gaji da facin taya. A raina na ce madalla, yanzu sai in zauna a defon Bagwai in riƙa lura da komai, in koma gida da rana in ci tuwo.

Mu biyu aka ba aikin kafa ta: ni da wani abokin aikina da ke zaune a hedikwata, mutumin da muka shiga kamfanin lokaci guda, wanda ya sha cin zabin Inna idan na kawo. Shi ya riƙe ɓangaren birni, ni na yi zagaye na ƙarshe ina shigar da na'urori ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda na shigar, sai ɗigo kore ya bayyana a allonsa, ya kira ni ya ce ta hau. Mun kuma zauna tare mun tsara dokoki, kamar yadda masu aikin kirki suke yi. Ɗaya daga ciki ita ce ba za a iya buɗe manhajar ba sai daga cikin ginin hedikwata, tunda wanda ya riƙe ta ya riƙe makullin kowace ƙofa. Wata kuma ita ce idan za a sallami ma'aikaci, a soke satifiket ɗin laftof ɗinsa tukuna kafin a gaya masa, don kada ɓacin rai ya sa ya yi ɓarna. Dokoki ne masu kyau. Har yau idan aka tambaye ni, haka zan ce a yi.

Ranar da na shigar da na'urorin Zakirai, na yi wa Malam bayani ina ta rawar kai. Ya saurare ni har na gama, yana juya ludayi a cikin kwarya.

“To likita, idan mara lafiya ya iya yi wa kansa allura, kai kuma fa?”

Dariya na yi. Na ce masa ai aiki ba ya ƙarewa, ɓera ma kaɗai ya isa ya riƙe ni har tsufa.

Manhajar ta yi aiki. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har gobe. Da ta lalace ko sau ɗaya, da na samu abin faɗa. Da ta rufe defo a ranar kasuwa, da an neme ni ido rufe, in zo ina taƙama. Ba ta yi ba. Wa'adi ya zo ya wuce ba wanda ya sani, satifiket yana sabunta kansa kamar yadda farce yake tsiro. Damina ta sake zagayowa, kwalbatin nan ya sake tafiya, taki bai daina fita ba. Ni kuma ina zaune a defon Bagwai ina goge ƙurar fanka, ina jiran wani ya kira ya ce firinta ta maƙale. Akwai safiyar da na kama kaina ina addu'ar Allah ya sa wani abu ya ɓaci.

Oga ya kira ni birni. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo lemo, daga nan na san ba lafiya ba. Ya ce aikin zagaye ya ƙare, abin da ya rage na waya da firinta za a ba 'yan kwangila. Amma ba sa so su rasa ni, akwai tebur a hedikwata, in dawo in riƙa zama gaban allon tare da abokina. Na gaya masa halin Inna. Na ce daga ƙauyenmu zuwa ofis kullum ba zai yiwu ba, hanyar ba ta da kyau, kuma ba zan bar ta ta kwana ita kaɗai ba. Na ce ai amfanin manhajar ke nan, daga ko'ina ana iya ganin komai, a bar ni in yi daga Bagwai. Sai ya tuna mini da dokar da muka tsara da hannunmu, cewa sai daga cikin gini. Na ce a buɗe mini ƙofa ɗaya, ni kaɗai. Ya ce idan aka buɗe wa mutum ɗaya, an buɗe ke nan. Da na ƙara matsawa ya ce za su duba.

Na yarda da wannan za su duba ɗin. Ni da na yi karatu, na san birni, na san abin da kalmar take nufi a bakin manya, amma na ɗauke ta na kawo gida na ajiye kamar alkawari. Watanni suka shuɗe ba wanda ya sake tayar da zancen, ni ma na yi shiru, ina ganin shirun alheri ne.

Wata safiya bayan an gama girbin gero Malam ya kira ni ya ce sikelinsu ya daina magana da kwamfuta, yana zargin ɓera. Murna ta kama ni kamar an yi mini albishir. Inna ta ji ina tayar da babur ta tambayi ina na nufa, da na ce Zakirai sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin daddawa, ta ce dama ya daɗe yana jira.

Na isa hantsi ya ɗaga. Muka gaisa da Malam, na shiga ɗakin baya, na ga wayar da aka ci, na buɗe laftof don in duba sikelin ta cikin netwok kafin in canja ta. Ya ƙi shiga. Na sake gwadawa, ya ƙi. Na ɗauka sabis ne, na leƙa rauta na ga fitilunta lafiya lau. Sai na buɗe bayanin kuskuren na karanta. Ba wa'adi ne ya cika ba, na san satifiket ɗin laftof ɗina yana da sauran lokaci. Soke shi aka yi, kuma da safiyar nan, ina kan hanya.

Na san abin da wannan yake nufi, ni na rubuta ma'anarsa. Duk da haka na kira Oga, bai ɗauka ba. Na kira abokina. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa. Ya ce wallahi umarni ne daga sama, ya so ya kira ni amma na san tsarin, za a neme ni da rana a yi mini bayani. Ban yi masa faɗa ba. Abu ɗaya kawai na so in sani. Manhajar ba ta barin mutum ya soke satifiket sai ya zaɓi dalili daga cikin 'yan kaɗan da take bayarwa: ko an saci makullinsa, ko an maye gurbinsa da sabo, ko wani abu makamancin haka.

“Wane dalili ka zaɓa?”



“An daina amfani da shi,” in ji shi.

Wannan dalilin mukan zaɓa wa tsohuwar rauta idan ta ƙone za a jefar. Na ce na gode, na kashe wayar.

Malam yana tsaye a ƙofar ɗakin, kuma daga fuskarsa na gane shi ma saƙo ya shigo masa. Dokar kamfani ce wanda ba ma'aikaci ba ba ya shiga inda na'urori suke. Dattijon nan da yake bar mini makullai ya tafi masallaci ya rasa inda zai sa idonsa. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

“Likita, zo mu zauna a waje, an fi iska.”

Babu wata iska a waje. Na tattara kayana na fito, ya ja ƙofar a hankali ya sa makulli, yana yi yana kallon gefe. Ya sa aka kawo fura kamar kullum muka zauna a benci a ƙarƙashin darbejiya. Ban iya sha ba. Sabuwar wayar sikelin tana cikin jakata, aikin da ba zai kai a ce wani abu ba, amma ba shi da ikon ce mini in shiga, ni kuma ba ni da ikon tambaya. Na ciro ta na ajiye masa a kan bencin. Ban ji haushin Malam ba, yana da iyali. Haushin da na ji ba shi da wanda zan ɗora wa, kuma irin wannan ya fi daɗewa a ciki.

Na biya gidan Inna Ƙarama na ba ta daddawarta. Ta tambayi aiki na ce da godiya.

Ban gaya wa Inna ba. Nakan tashi da safe in yi wanka in fita, in je gefen dam in zauna ina kallon masu noman rani, ina aika takardun neman aiki ta waya. Amma wanda ya rasa ido kunnensa ba ya wasa. Ta lura ban ƙara ratayo jakar goyo ba, don ba ta jin ƙarar zif. Ta lura wayata ta daina kuka. Wata rana ina ware mata magani ta kama hannuna ta ce tun yaushe. Na gaya mata komai, har da tebur ɗin da aka ba ni a birni na ƙi. Sai ta ce da na tambaye ta da ta ce in karɓa. Na san ba gaskiya ba ne, ita ma ta sani.

Na nema a Kano har takalmina ya suɗe. Duk inda na je sun riga sun sayi irin manhajar nan, kuma mutum ɗaya ya ishe su. Gonar Baba ba za ta ciyar da mu ta kuma sayi maganin suga ba. Aikin da na samu a ƙarshe a Legas ne, wani kamfani da yake son wanda ya taɓa tattara satifiket wuri guda. Abin da ya kore ni shi ne abin da suka gani a takarduna suka yaba. Ni da na ce Kano ta yi nisa.

Yayata ta ce a kawo mata Inna, Inna ta ce Kaduna ba da ita ba, gidan bene ne. Aka tsaya a kan Zakirai, wajen ƙanwarta. Ba ta yi gardama ba, kuma rashin gardamar ya fi mini ciwo. Ta rarraba kajinta ga maƙwabta, ta ba matan zumunta turminta, ta bi ɗaki-ɗaki tana shafa bango da tafin hannu. Na ɗauko shatar mota, muka sa akwatinta da tukunyar daddawarta a baya. Mutanen ƙauye da suka ji Zakirai za mu, har a ranar sai da wata ta miƙo mini ƙullin kuka in kai wa 'yarta.

Da muka shiga garin motar ta bi ta gaban defo. Manoma sun yi layi da buhunansu, sikeli yana aiki, Malam yana tsaye da biro a kunne. Bai gan ni ba, ni ma ban ce direba ya tsaya ba. Inna ta ji hayaniyar ta tambaya ko nan ne wajen injunan nawa. Na ce nan ne. Ta ce suna lafiya dai ko. Na ce lafiyarsu ƙalau.

A ƙofar gidan Inna Ƙarama na buɗe mata mota ta sauko. Ta tsaya a tsakiyar hanya, ta juya fuskarta dama, ta juya hagu, tana neman wani abu da ta sani, ba ta samu ba. Tun da idonta ya tafi ban taɓa jan ta ba, ko sau ɗaya, kuma da na gwada da na sha faɗa. Ta ɗaga ƙafa za ta taka, ta mayar. Sai ta miƙo hannu cikin iska, wajen da take zaton nake.

“To, riƙe ni,” in ji ta. “Ban san inda ƙofar take ba.”